Daga Ruɓaɓɓiyar Harawa Zuwa Tukunyar Miya: Tarihin Maganin Tsinka Jini

Wanda ya bi hanyar Gwaram zuwa Zandam bayan kaka zai ga dammunan harawa an ɗora su a kan rumfuna da cikin rassan itatuwa, nesa da ƙasa, nesa da bakin awaki. Ba sai an gaya wa manomi dalili ba. Harawar da ta sha ruwan ƙarshen damina takan yi fumfuna ta yi baƙi, kuma mai son shanun huɗarsa ba ya zuba musu irinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, daga irin wannan ɓarna ce, a wata ƙasa mai sanyi, kimanin shekara ɗari da suka wuce, aka samo asalin 'yar ƙwayar nan da likita kan rubuta wa mai rikicewar bugun zuciya, ya ce ya sha kullum kada ya yi fashi. Sunanta wafarin. Mu kuwa mukan ce maganin tsinka jini.

Wanda aka ɗora a kanta, da ya dawo gida daga asibitin Birnin Kudu ko na Kano, yakan tarar da magana uku suna jiransa. A zaure wani zai ce, "Malam, ai wannan maganin ɓera ne." Daga cikin gida gwaggo za ta aiko cewa ta ji an ce mai shan ta ya yi ban kwana da miyar ganye. A ƙofar masallaci kuma wani zai ja shi gefe ya ce a bar wahalar asibiti, tafarnuwa da citta ma suna tsinka jini. Kowace magana a cikin ukun tana da tushe, kowace kuma ta yar da rabin labarin a hanya. Sai an bi sawun ƙwayar tun daga garken da ta fito kafin a gane inda gaskiyar kowa ta tsaya.

Shanun da jininsu ya ƙi tsayawa

A farkon shekarun 1920, makiyayan jihar Dakota ta Arewa a Amurka da na lardin Albata a Kanada suka fara ganin wata cuta da ba su san ta ba. Saniya lafiya ƙalau, tana ci tana sha, sai ta ɗan kurje a jikin shinge, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa har ta faɗi. Wata ma babu rauni a fili, sai a wayi gari a ga gawarta, a feɗe a tarar da ciki cike da jini. An taɓa yanke wa shanu 22 ƙaho, 21 suka mutu. An fiɗiye bijimai 25, 12 suka tafi. Mutanen da kakanninsu suka bar zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu ba sa buƙatar a fassara musu irin wannan baƙin ciki.

Wani likitan dabbobi a Ontariyo, Frank Schofield, shi ya fara gane cewa ba annoba ba ce, daga abinci ne. Manoman can suna shuka wata ciyawa mai ƙamshi, dangin wake, su yanke su busar don lokacin sanyi, kamar yadda muke yi da harawa. A shekarun da laima ta yi yawa sai ta yi fumfuna a rumbu. Schofield ya ware mai kyau da ruɓaɓɓiya daga dami ɗaya, ya ciyar da zomaye. Wanda ya ci mai kyau ya zauna lafiya, wanda ya ci ruɓaɓɓiya jini ya kashe shi. Ya wallafa cikakken bayaninsa a 1924. A 1929 wani likitan dabbobin, Lee Roderick, ya ƙara haske: jinin waɗannan shanu ya rasa wani sinadari da hanta ke yi, wanda in babu shi jini ba ya daskarewa.

Shawarar da aka ba manoma mai sauƙin faɗa ce: a zubar da ciyawar, a ƙara wa saniyar jini. Amma a shekarar 1929 ɗin ce tattalin arzikin Amurka ya karye. Talakan da ba shi da kuɗin wata ciyawar, me zai zuba a gaban garkensa?

Gwangwanin jini a ƙofar jami'a

Wata Asabar a watan Fabrairun 1933, ana zuba ƙanƙara, wani manomi mai suna Ed Carlson ya tuƙo motarsa tafiyar kimanin kilomita 300 zuwa garin Madison na jihar Wiskonsin. A bayan motar akwai gawar karsana, da kimanin kilo 45 na ruɓaɓɓiyar ciyawa, da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Ofishin da ya nufa a kulle yake. Ƙofar da ya samu a buɗe ita ce ta ɗakin binciken wani masanin sinadarai, Karl Paul Link. Link bai da abin ba shi sai tsohuwar shawarar nan. Carlson ya juya gida hannu rabbana, ya bar gwangwanin a nan.

Shekara shida Link da ɗalibansa suka yi suna tace ruɓaɓɓiyar ciyawa suna gwadawa a jinin zomaye. A watan Yunin 1939, da asuba, ɗalibinsa Harold Campbell ya ga 'yan ƙwayoyi farare a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1940 suka gane ƙirar abin, har suka iya haɗa shi da kansu. Ashe ƙamshin ciyawar daga wani sinadari ne mai suna kumarin, wanda shi kaɗai ba ya hana jini daskarewa. Fumfuna ce ke juya shi ya zama daikumarol, shi ne mai kisan. A 1941 likitoci a Amurka suka fara gwada daikumarol a kan marasa lafiyar da gudan jini ke toshe wa jijiya. Sun yi tunanin abin da ya kashe saniya don ya yi yawa, in an rage shi zai iya ceton mutum.

Kajin Danmak da harafin K

A daidai waɗannan shekaru, can a Kopenhegen ta ƙasar Danmak, wani masani mai suna Henrik Dam yana fama da tasa matsalar. A 1929 ya ciyar da 'yan tsaki abincin da aka tsame wa maiƙo, sai ya ga jini yana taruwa a ƙarƙashin fatarsu. Da ya ba su koren ganye sai suka warware. A 1935 ya raɗa wa abin da ke cikin ganyen suna bitamin K, daga harafin farko na kalmar daskarewa a harshensu da na Jamus. Shi da Ba'amurke Edward Doisy suka raba kyautar Nobel ta 1943 a kan wannan aiki.

Sai labarin biyu suka haɗu. Hanta tana buƙatar bitamin K don ƙera sinadarai huɗu masu daskarar da jini. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, sai dai yana sake sabunta wanda ya yi aiki da shi, kamar mai wanke ƙwarya ɗaya yana sake awo da ita. Daikumarol da ƙannensa suna tare wannan hanyar sabuntawa ne, abin da masana ba su tabbatar da shi dalla-dalla ba sai a 1978. Ke nan jinin mai shan maganin ba ya tsinkewa kamar kokon da aka ƙara wa ruwa. Kaurinsa yana nan, daskarewarsa ce take jinkiri. Ke nan kuma tun ran gini aka yi zane: maganin da ganye kishiyoyin juna ne, ɗaya yana ja nan, ɗaya yana ja can.

Daga ramin ɓera zuwa gadon shugaban ƙasa

A 1945 ciwon huhu ya kwantar da Link wata da watanni a asibitin masu tarin fuka. A kwancen nan ya yi ta karanta tarihin yaƙin ɗan Adam da ɓera. Ɓera wayo gare shi: in ya ɗanɗana guba ya ji ciwo nan take, ba ya sake komawa. Amma gubar da ba ta nuna kanta sai bayan kwanaki, zai yi ta ci bai san ita ce ajalinsa ba. Ɗakin binciken Link ya riga ya haɗa dangin daikumarol sama da 100. Na 42 a jerin ya fi sauran ƙarfi. A 1948 aka fito da shi a matsayin maganin ɓera, aka haɗa masa suna wafarin daga haruffan farko na asusun tsofaffin ɗaliban Jami'ar Wiskonsin, wanda ya ɗauki nauyin binciken, da ƙarshen kalmar kumarin.

Likitoci suka ƙyamace shi. Wa zai ba majinyacinsa maganin ɓera? Sai a 1951 wani matashin da aka ɗauka aikin soja a Amurka ya sha shi da yawa da nufin halaka kansa, aka kai shi asibiti, aka ba shi bitamin K da jini, ya tashi garau. Nan aka gane cewa guba ce mai makari. A 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuma Shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya gamu da ciwon zuciya, aka ba shi wafarin. Daga nan ƙyama ta kau.

To mutumin zaure bai yi ƙarya ba. Abin da ya bari shi ne, ɓera ana ba shi ne ba awo, mutum kuwa ana auna masa da miligiram, a kuma auna jininsa. Kuma maganin ɓeran kasuwa na yau wani abu ne daban. Tun 1958 aka ga ɓerayen Sikotilan sun fara jure wa wafarin, aka ƙirƙiro gubobi masu ƙarfi ninkin-ba-ninki, waɗanda kan daɗe a jiki makonni. Ba su da wata alaƙa da jinya.

Zuciyar da lugudenta ya rikice

Me ya haɗa maganin daskarewar jini da bugun zuciya? Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su matsa, na ƙasa su amsa, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka taɓarya na tashi. A cutar da muke magana, ɗakunan sama sukan daina matsawa, sai karkarwa kawai, na ƙasa kuma su yi ta bugu ba tsari. Mai ita yakan ce gabansa na faɗuwa, ko ƙirjinsa na dukan uku-uku, ko numfashi na gaza masa in ya ɗan taka. Wani ma ba ya jin komai. Willem Einthoven na Holan ya fara zana wannan rikici a takarda da na'urar auna lantarkin zuciya a 1906, kuma har yau da wannan awon ake tabbatar da cutar. Ba kowace faɗuwar gaba ce ita ba: ƙarancin jini, zazzaɓi, damuwa, cutar maƙoƙo, yawan goro da shayi duk suna sa zuciya gudu.

Babban haɗarin ba a bugun yake ba. Kunun da aka bari ba a motsawa yakan yi gudaji. Haka jinin da ya kwanta a wani lungu na ɗakin sama na hagu yakan dunƙule, wata rana gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe ƙwaƙwalwa. Sai a ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna a 1978 cewa mai wannan cuta ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki 5, in kuwa ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa ya lalace, ninki 17. Daga 1989 zuwa farkon shekarun 1990 aka yi manyan gwaje-gwaje a Danmak da Amurka da Kanada, suka nuna wafarin tana rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku. Asfirin kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

A Turai cutar tsofaffi ce. A wajenmu tana kama dattijai masu hawan jini, amma tana kama matasa ma, ta wata hanya mai ban takaici. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ba a ba shi fenisilin ba, bayan makonni gaɓoɓi su kumbura da zazzaɓi, a ce sanyi ne. Shekaru su wuce, ashe ƙyauren zuciya ya tsuke. Tsakanin 2010 da 2012 an tattara bayanan irin waɗannan marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da waɗanda aka gani a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Rabinsu ba su haura shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma kusan ɗaya cikin biyar bugun zuciyarsa ya riga ya rikice.

Mudun jini

Wafarin ba ta da awo ɗaya na kowa da kowa. Abin da ya ishi wani zai zubar wa wani jini, wani kuma ko gezau. Shi ya sa tarihinta ba ya rabuwa da tarihin mudunta. A 1935 Armand Quick, a Milwoki ta jihar Wiskonsin ɗin dai, ya fito da hanyar ƙirga daƙiƙun da jini ke ɗauka kafin ya daskare a kwalba. Matsalar ita ce kowane asibiti da irin sinadarin gwajinsa, kamar kasuwar da kowane ɗan awo ya zo da nasa mudun. An yi shekaru majinyata a wasu ƙasashe suna shan fiye da kima saboda wannan saɓani. A 1983 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni ɗaya mai suna INR. Na mai lafiya yana wajen 1. Mai rikicewar bugun zuciya ana so nasa ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, maganin bai tsare shi ba. In ya haura sosai, ya kama hanyar shanun Dakota.

A binciken can na Afirka, cikin waɗanda aka auna wa jini, ba su kai ɗaya cikin uku ba waɗanda mudunsu ya zauna daidai. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tafiyar. Mutumin Zandam ko Kila ko Farin Dutse sai ya tanadi kuɗin mota da na gwaji, ya bar gona ko kasuwa, ya nufi babban asibiti, wani sa'in har Dutse ko Kano, kuma ba sau ɗaya ba, kusan kowane wata.

Abin da ke cikin tukunya

Likitocin arewa sun daɗe da sanin cewa tukunya tana da hannu a ciwon zuciya. A shekarun 1970, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Eldryd Parry da Neil Davidson sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ja hankali kan yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ta wafarin kuwa da ganye take.

Duk koren ganye yana da bitamin K, domin da shi tsiro ke sarrafa hasken rana. Alayyafo na cikin masu yawansa ƙwarai. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, kabeji, latas da kuka duk ganye ne. Dafuwa ba ta kashe shi, maiƙo kuma yana taimaka wa hanji ya tsotse shi, don haka kwaɗon da ya ji ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya fi isar da shi jiki. Yanzu a dubi shekarar mutumin kudancin Jigawa. Da damina ganye ko'ina, ana kwaɗon rama da tafasa kusan kullum, musamman a kwanakin da rumbu ya yi ƙasa. Da kaka a koma sabon hatsi da wake. Da rani sai kuka da busasshiyar kuɓewa, sai abin da lambu ya kawo. Ƙwayar ba ta canza ba, amma abin da take kokawa da shi ya canza sau uku a shekara.

A nan maganar gwaggo ta kauce. An yi zamanin da likitoci ke hana masu shan wafarin ganye, amma daga baya aka gane cewa wanda jikinsa ya rasa bitamin K, mudunsa ya fi saurin tangaɗi. Abin da ake nema yanzu daidaito ne: mutum ya ci miyarsa kamar yadda ya saba, likita ya auna ƙwayar a kan wannan cimar. Abin gudu shi ne sauyin farat ɗaya, kamar mutum ya ji an yabi zogale ya fara shan garinsa cokali-cokali, ko ya daina ganye baki ɗaya don tsoro. A Japan akan hana masu shan wafarin wani abinci na ruɓaɓɓen waken suya saboda yawan bitamin K da ke cikinsa, kuma irin ƙwayoyin da ke nunar da shi su ne ke nunar da daddawarmu. Ɗan abin da ake jefawa a miya ya kamata ya zauna yadda aka saba, likita kuma ya san da shi. Azumi bai hana shan ƙwayar ba tunda sau ɗaya ce a rana, amma cimar watan takan sauya, don haka gara a auna jini a cikinsa.

Abin da ya fi ganye haɗari ma yana kan kantar mai kemis. Flagyl da Septrin da wasu magungunan ƙaiƙayin gaba suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya ɓalle. Rifamfisin na tarin fuka yana karya ta. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da Indocid, wanda wasu ma kan barbaɗa wa ɓera a abinci, suna ƙwarzar ciki su sa shi zubar jini. Wanzami ma ya kamata ya sani kafin ya kafa ƙaho ko ya yi tsaga. Mace mai shirin ɗaukar ciki dole ta gaya wa likita tun da wuri, domin ƙwayar tana iya nakasa ɗan tayi a watannin farko. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jinin dasashi, jan fitsari, baƙin kashi kamar kwalta, ko matsanancin ciwon kai, duk kiran gaggawa ne zuwa asibiti.

Dafin maharbi da kwalbar likita

Saura mutumin ƙofar masallaci. Gaskiyarsa ita ce, kusan duk tsofaffin magungunan bugun zuciya daga daji suka fito. A 1785 William Withering na Ingila ya wallafa sakamakon shekara goma da ya yi yana gwada ganyen wata fure da ya samo daga haɗin masu maganin ƙauye. Daga danginta aka tace digokzin a 1930, wadda har yau ake rage gudun zuciya da ita. Maharbanmu sun san kwankwani, wanda ake dafa 'ya'yansa a shafa wa kibiya. John Kirk, wanda ya yi tafiya a kogin Zambezi, ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan burushin haƙorinsa ya taɓa irin wannan dafi, kuma zuwa 1885 Thomas Fraser na Edinbara ya mai da shi maganin zuciya. Tumfafiyar bayan gari ma tana ɗauke da dangin wannan sinadari a cikin farin ruwanta. A 1914 likita Karel Wenckebach ya ba da labarin wani ɗan kasuwar Holan da ke tsayar da rikicin zuciyarsa da kwinin na zazzaɓi, wanda daga ɓawon itace ake samunsa.

To me ya raba dafin maharbi da kwalbar likita? Awo. Tsakanin abin da ke gyara zuciya da abin da ke tsayar da ita tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Ganyen da aka tsinka da damina ba ƙarfinsa ɗaya da na rani ba, kuma kofin wannan gida ba shi ne na wancan ba. Har kwinidin, ƙanin kwinin da aka yi shekaru ana yabo, da aka tattara gwaje-gwajensa a 1990 sai aka ga yana daidaita bugu amma masu shan sa sun fi mutuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani abu kuma: duk waɗannan bugun suke taɓawa, ba gudan jini ba. Tafarnuwa da citta da kurkum da hulba suna da ɗan tasiri a jini, kuma akwai rahotannin zubar jini ga waɗanda suka yawaita su a kan wafarin. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da aka gwada aka ga ya hana shanyewar ɓarin jiki ga mai wannan cuta. A miya kayan ƙamshi ne, ba laifi. A matsayin madadi, sun isa su ƙara haɗari, ba su isa su ba da kariya ba. Abin da mutum zai yi da hannunsa wanda aka tabbatar yana taimakon zuciya shi ne kula da hawan jini, rage gishiri da kanwa, barin taba da giya, rage ƙiba, da kai yaro asibiti in maƙogwaronsa ya yi ciwo da zazzaɓi.

Da tsohuwar zuma

Sama da shekara 50 wafarin da danginta suka yi ba su da kishiya a cikin ƙwayoyin sha. Kishiyar ta zo ne ta wata tsohuwar hanya. Tun 1884 John Haycraft ya gano cewa yawun matsattsaku yana hana jini daskarewa. Sinadarin da matsattsaku ke kamawa a jini, shi dabigataran ke kamawa, wadda Amurka ta amince da ita a 2010. Ribaroksaban ta biyo a 2011, afiksaban a 2012. Waɗannan ba ruwansu da bitamin K, ba sa buƙatar awon wata-wata, kuma ga masu cutar da ƙyauren zuciyarsu ke lafiya sun zama zaɓin farko a ƙasashe da dama. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoma.

An zaci ƙarshen wafarin ya zo. Sai a 2022 aka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutum 4,531 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, dukansu masu rikicewar bugu saboda lalacewar ƙyauren zuciya irin tamu. Rabi aka ba su ribaroksaban, rabi tsohon magani. Bayan kimanin shekara uku, waɗanda ke kan tsohon sun fi tsira da rai. Cikin dalilan da masana suka yi hasashe har da wannan: mai shan wafarin dole yake ganin likita a kai a kai don awon jini, a nan ake lura da sauran matsalolinsa tun ba su yi nisa ba. Wahalar da ake kuka da ita, wataƙila tana cikin maganin.

Yau akwai 'yar na'ura ta hannu da ke auna INR da ɗigon jinin yatsa cikin mintuna, kamar ta masu ciwon suga. Ed Carlson ya yi tafiyar kilomita 300 cikin ƙanƙara da jini a gwangwani don wani ya duba masa, ya koma bai samu komai ba, duniya ta ci moriyar tafiyarsa. Bayan sama da shekara 90, majinyacin Zandam yana nan yana hawa mota da jininsa a jikinsa, yana neman inda za a auna masa. Ƙwayar ta iso, mai araha ce, kuma an san halinta ciki da bai. Ganyen ma yana bayan gida, ba wanda ya ce a bar shi. Mudun ne bai ƙaraso ba tukuna.